Ciwon Daji: Abin da Ya Kamata Kowa Ya Sani

Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da ke damun jama'ar ƙasar nan babu wadda ake tsoron ambaton sunanta kamar ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, wasu kuma kansa. Tsoron nan yakan sa mutum ya ga alama a jikinsa ya ɓoye, ko kuwa ya yi ta yawon neman magani a asirce wata da watanni, har sai abin ya ci ƙarfinsa sa'an nan a ɗauko shi ranga-ranga zuwa asibiti. In ya rasu, sai maƙwabta su ce ai dama ciwon daji ba ya jin magani, tsoro ya ƙara kama na baya, su ma su ɓoye nasu. Ta haka jinkiri yake haifar da mutuwa, mutuwa kuma ta haifar da wani jinkirin.

Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kimanin mutum miliyan 20 ne suka kamu da wannan ciwo a duniya, mutum miliyan 9.7 kuma suka rasu ta dalilinsa. A Nijeriya kuwa, a cikin wannan shekarar, waɗanda suka kamu sun haura 120,000, waɗanda suka rasu sun yi kusan 80,000. Babban dalilin yawan mace-macen nan shi ne mafi yawan marasa lafiya ba sa isa wurin likita sai ciwon ya yi nisa.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin jama'a su san abu uku. Na farko, akwai ire-iren ciwon daji da ake iya hana aukuwarsu. Na biyu, akwai waɗanda ake iya ganowa tun kafin mutum ya ji ciwo. Na uku, da yawa daga cikinsu ana warkar da su sarai in an tare su da wuri.

Mene Ne Ciwon Daji?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Waɗannan ƙwayoyi suna rayuwa bisa tsari: sukan hayayyafa gwargwadon bukatar jiki, su tsufa, su mutu, sababbi su maye gurbinsu. Da haka ne yaro yake girma, da haka ne kuma rauni yake warkewa. A cikin kowace ƙwaya akwai umarnin da ke gaya mata lokacin da za ta rabu biyu da lokacin da za ta tsaya.

Wani lokaci sai wannan umarni ya lalace, ko saboda dafin wani abu, ko ƙwayar cuta, ko kuwa tsufa kawai. Sai ƙwayar ta daina bin tsari, ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har 'ya'yanta su taru su zama ƙari. Ba kowane ƙari ne ciwon daji ba. Akwai ƙari mai lafiya, wanda yake zaune wuri ɗaya, in an cire shi shi ke nan. Akwai kuma mugun ƙari, wanda yake cin naman da ke kewaye da shi, sa'an nan ɓarɓashinsa ya bi jini ko hanyoyin kaluluwa ya je ya kafa sabon mazauni a huhu, ko hanta, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne ciwon daji, yaɗuwar nan kuwa ita ce ke kisa. Akwai kuma na jini, wanda galibi ba ya yin ƙari, a cikin ɓargo yake farawa.

Saboda haka likitoci suka kasa ciwon mataki huɗu. A mataki na 1 ƙarin ƙarami ne, yana nan inda ya fara. A na 2 da na 3 ya girma, ko ya taɓa kaluluwar da ke kusa. A na 4 ya riga ya kai ga sassan jiki na nesa. Duk abin da za a faɗa nan gaba manufarsa ita ce a kama ciwon tun yana matakin farko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ire-iren da Suka Fi Yawa a Nijeriya

Ciwon daji iri-iri ne, sun fi 100, kowanne da halinsa da maganinsa. Tun shekarar 1960 aka buɗe rajistar masu wannan ciwo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, daga baya aka buɗe irinta a wasu asibitocin, kuma daga waɗannan rajistoci ne ake sanin irin wanda ya fi damun jama'a.

A wajen mata, sankarar mama ita ce kan gaba, ita ce ma ta fi kowace yawa a ƙasar baki ɗaya, domin waɗanda suka kamu da ita a 2022 sun haura 30,000. Mai bi mata ita ce sankarar bakin mahaifa, wadda a 2020 ta kama mata kimanin 12,000, ta kashe kimanin 8,000. A wajen maza, wadda ta fi yawa ita ce ta furostet, watau wani ɗan ƙululu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kewaye da hanyar fitsari. Ita ce mutane suka saba kira sankarar mafitsara. Bayan waɗannan akwai ta babban hanji da dubura, da ta hanta, da ta kaluluwa, waɗanda ke kama maza da mata.

Yara ma ba su tsira ba. A 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a Yuganda, ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara cikin 'yan makonni, wanda ya fi yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Wannan ƙari yana jin magani ƙwarai, kuma Farfesa Victor Ngu, wanda ya yi aikinsa a Ibadan, yana cikin likitocin da aka ba lambar girma ta Lasker a Amurka a 1972 saboda maganinsa.

Abubuwan da Ke Jawo Shi

Ba a iya nuna abu guda a ce shi ne ya sa wa wane ciwon daji. Abin da aka sani shi ne akwai abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa. Wasu ba su da makawa, kamar tsufa da gado. Amma gado kaɗan ne rabonsa, bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ciwon ba. Sauran abubuwan da yawansu suna cikin ikon mutum.

Taba ita ce babba. A cikin hayaƙinta akwai sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu an tabbata suna jawo ciwon daji. Tun 1950 binciken likitoci a Ingila da Amurka ya nuna dangantakarta da sankarar huhu, daga baya aka gane tana da hannu a ta baki, da maƙogwaro, da mafitsara, da bakin mahaifa, da wasu da dama. Shisha da garin taba da ake shaƙa ko a zuba a baki duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wanda ke zaune kusa da mashayi yana shaƙar hayaƙin, shi ma yana cikin haɗari.

Giya, ko ta kwalba ko burkutu ko ogogoro, tana jawo sankarar baki, da maƙoshi, da hanta, da hanji, da mama. Haka nan ƙiba mai yawa, da rashin motsa jiki, da ƙarancin ganye da 'ya'yan itatuwa a abinci, da yawan cin naman da aka sarrafa aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen ciwon daji daga taba, da giya, da ƙiba, da irin abinci, da rashin motsa jiki suke.

A ƙasashe masu tasowa kuma akwai ƙwayoyin cuta, waɗanda ke da alhakin kimanin kashi 30 cikin 100 na ciwon. Ƙwayar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ita ce tushen kusan dukan sankarar bakin mahaifa. Ƙwayar ta zama gama-gari, mafi yawan mutane sukan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba, jiki kuma ya kawar da ita. A wajen wasu mata ne kawai take zama ta yi ɓarna. Ciwon hanta nau'in B da C yana jawo sankarar hanta, kuma binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da nau'in B. Tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a kududdufi da rafi, in ta daɗe ba magani tana iya kai wa ga sankarar mafitsara ta ainihi. Ƙanjamau kuwa yana raunana garkuwar jiki, har mace mai ɗauke da shi ta fi wadda ba ta da shi haɗarin sankarar bakin mahaifa sau 6.

Akwai kuma dafin hunhuna. Gyaɗa da masara da ba su bushe sosai ba, ko aka ajiye su a wuri mai laima, sukan yi hunhuna mai fitar da wani dafi da ake kira afilatoksin. An gano shi ne bayan 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin dusar gyaɗa mai hunhuna. Dafin yana lalata hanta a hankali, dafuwa ba ta kashe shi, haɗarinsa kuma yakan ninka a jikin mai ciwon hanta nau'in B. Daga ƙarshe, zafin rana yana jawo sankarar fata, musamman ga zabiya, waɗanda fatarsu ba ta da launin da ke kare ta.

Alamun da Bai Kamata a Yi Sakaci da Su Ba

Abu mafi muhimmanci da mai karatu zai riƙe shi ne ciwon daji a farkonsa sau da yawa ba ya zafi. Mace takan taɓa ƙullutu a mamanta ta ce tun da ba ya ciwo ba kome, alhali rashin ciwon ba shaidar lafiya ba ce. Ga alamun da ya wajaba a nuna wa likita:

1. Ƙullutu ko kauri a mama ko a hamata. Canjin siffar mama. Fatarta ta yi kamar ɓawon lemo. Kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini ko wani ruwa.
2. Zubar jini ga mace bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya. Ko fitar ruwa mai wari wanda ya ƙi jin magani.
3. Wahalar fitsari ga namiji, ko yawan tashi fitsari da dare, ko jini a fitsari, ko ciwon baya da ƙugu mai naci ga dattijo.
4. Jini a bayan gida, ko canjin yadda mutum ya saba fita, watau gudawa ko taurin ciki na makonni. Mutane da yawa sukan ce basir ne su yi ta shan jiƙo, alhali likita ne kaɗai zai iya bambancewa.
5. Tari ko dushewar murya da ya wuce mako 3, ko tari da jini.
6. Wahalar haɗiyar abinci, ko saurin ƙoshi da ciwon ciki kullum.
7. Gyambo a fata ko a baki wanda ya ƙi warkewa, ko tsohon tabon ƙuna da ya fashe, ko tawadar Allah da ta canja launi ko girma, har da wadda ke tafin ƙafa.
8. Kumburin ciki, musamman ta gefen dama a ƙarƙashin haƙarƙari, tare da shawara.
9. Rama ba dalili, da kasala, da zazzaɓi ko gumin dare mai daɗewa, da kaluluwar da ta ƙi bajewa.
10. Ga yara: kumburin muƙamuƙi ko ciki, farin tabo a ƙwayar ido mai ƙyalli kamar idon kyanwa, fitowar ido, ƙarancin jini da yawan haɓo.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta tabbatar da ciwon daji. Mafi yawan ƙullutun mama masu lafiya ne, wahalar fitsarin dattijai kuma galibi kumburin tsufa ne kawai. Amma ba a sanin haka sai an duba. Ƙa'idar ita ce duk alamar da ta wuce mako 2 zuwa 3 ba ta tafi ba, a kai ta asibiti. Mace mai ciki ko mai shayarwa ma kada ta ce ai nono ne ya kwanta ta zauna, in ƙullutu ya ƙi bajewa. Maza kuma su sani su ma sukan kamu da sankarar mama, ko da yake kimanin 1 ne cikin 100 na masu ita.

Gwaji Tun Ana Lafiya

Akwai gwaje-gwajen da ake yi wa mai lafiya wanda bai ji kome ba, domin a tare ciwon tun bai fito fili ba.

Na bakin mahaifa shi ne mafi amfani, domin wannan sankara takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana tasowa, kuma a duk tsawon lokacin ana iya ganin canjin da ya fara a kawar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta fara gwaji tana da shekara 30, mai ɗauke da ƙanjamau kuwa tana da 25. Hanyoyin gwajin uku ne: neman ƙwayar HPV a ɗan ruwan da aka ɗebo, wanda ake maimaitawa bayan shekara 5 zuwa 10, ko shafa wani ruwa mai tsami irin khal a bakin mahaifa, inda wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari, ko gwajin Pap, inda ake duba ƙwayoyin halitta da madubin likita. Waɗannan biyu na ƙarshe ana maimaita su bayan shekara 3. Aikin 'yan mintoci ne, mace kuma tana da damar neman ma'aikaciya mace ta duba ta. In an ga wurin da ya fara canjawa, sau da yawa a ranar ake kashe shi da zafi ko sanyi, mace ta koma gida da ƙafarta.

Game da mama, ya kamata kowace mace ta san yadda nata suke, ta riƙa dubawa sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan gama al'ada. Ta tsaya gaban madubi ta duba siffarsu, hannu a ƙasa sa'an nan a sama. Daga nan ta kwanta, ta bi kowanne da cikin yatsunta uku tana dannawa a hankali, har zuwa hamata. Daga shekara 40 zuwa sama ta nemi shawarar likita game da hoton mama, wanda ake kira mamogiram, mai nuna ƙarin da hannu bai isa ya ji ba. Wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yin ciwon, ta gaya wa likita tun kafin wannan shekara.

Namijin da ya kai shekara 45 ya tattauna da likita kan gwajin jini na PSA domin furostet, ya ji amfaninsa da iyakarsa. Daga shekara 45 zuwa 50 kuma akwai gwajin neman ɓoyayyen jini a bayan gida, da leƙa hanji da na'ura, ga maza da mata. Kowane baligi ya gwada jininsa ko sau ɗaya ya san matsayinsa game da ciwon hanta. Nau'in C ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin kimanin mako 12, nau'in B kuma akwai maganin da ke danne shi. Zabiya su riƙa kai fatarsu a duba a kai a kai.

Rigakafi Ya Fi Magani

Masana sun ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ciwon daji ana iya hana shi. Allurar rigakafi biyu ne ke kan gaba.

Ta farko ita ce ta HPV. A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Gwamnatin Tarayya ta shigar da ita cikin rigakafin yau da kullum domin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, aka fara da wasu jihohi da Abuja, sauran jihohin suka bi a 2024. Allura ɗaya ce, kyauta ce a asibitocin gwamnati, tana kuma kare yarinya daga nau'i na 16 da na 18 na ƙwayar, waɗanda ke jawo kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Ana yin ta da ƙuruciya ne domin jiki ya shirya tun kafin aure. An fara amfani da ita a duniya tun 2006, an yi wa miliyoyin 'yan mata, kuma ba ta hana haihuwa. Sankarar ce ke raba mace da mahaifarta, ta raba 'ya'ya da uwarsu.

Ta biyu ita ce ta ciwon hanta nau'in B, wadda ta shiga rigakafin yara a ƙasar nan a 2004. Wajibi ne a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haife shi, sa'an nan a cika sauran a mako na 6, da na 10, da na 14. Dalilin gaggawar shi ne jaririn da ya ɗauki ƙwayar wajen haihuwa, 9 cikin 10 takan zauna masa har girma. Haka nan kada a yi tarayya da aska, ko reza, ko allura, ko abin yankan farce. Mai zuwa wurin wanzami ya tafi da tasa askar, kaciya da huda kunne kuma a yi su da kayan da aka dafa ko sababbi.

Mai shan taba ya bari, domin ko shekara nawa ya yi yana sha, haɗarinsa yana fara raguwa daga lokacin da ya daina. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana shanta a wuraren taruwar jama'a da ta ayyana. A guji giya. A yawaita zogale, da rama, da alayyafo, da kuka, da wake, da 'ya'yan itatuwa, da hatsi irin su gero da dawa da acca waɗanda ba a surfe su fiye da kima ba. A motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ko da tafiyar ƙafa ce da sauri. Shayar da jariri nonon uwa na tsawon lokaci yana rage wa uwar haɗarin sankarar mama.

Manoma su shanya gyaɗa da masara a kan tabarma ko tamfol, kada a kan ƙasa, su bari su bushe sarai, su ajiye a busasshen rumbu ko a kan katako nesa da laima. A tsince ƙwayoyin da suka yi hunhuna ko suka yanƙwane a zubar. Kada a mai da su ƙuli-ƙuli ko tunkuza, kada kuma a ba shanu, domin dafin yana fita ta cikin nono. Zabiya su sa malfa da riga mai dogon hannu, su guji ranar tsaka. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi a yi masa maganin tsargiya.

Yadda Ake Magani a Asibiti

Kafin kome, sai an tabbatar da ciwon. Likita zai ɗebo ɗan nama daga ƙarin, da allura ko da ƙaramar tiyata, a duba shi da madubin likita, sa'an nan a ɗauki hotuna a san matakin da ya kai. Daga nan ne likitoci ke haɗuwa su tsara magani, wanda galibi yakan haɗa hanya biyu ko uku.

Tiyata ita ce cire ƙarin tare da ɗan naman da ke kewaye da shi. In sankarar mama ƙarama ce, sau da yawa ƙarin kaɗai ake cirewa a bar maman. Gashi, kamar yadda jama'a ke kiransa, shi ne haska wurin ciwon da wani haske mai ƙarfi daga na'ura. 'Yan mintoci ne a kowace rana, galibi kwana 5 a mako har 'yan makonni, ba a jin zafi lokacin yinsa, wanda aka yi wa kuma ba ya cutar da iyalinsa. Kemo kuwa magunguna ne masu ƙarfi da ake ba da su ta jijiya ko ta baki, zango-zango, su bi jini su kashe ƙwayoyin ciwon duk inda suka ɓuya. Sukan kawo tashin zuciya, da kasala, da zubar gashi; akwai maganin tashin zuciyar, gashi kuma yana tsirowa bayan an gama. Wasu ire-iren sankarar mama da ta furostet ana danne su da ƙwayoyi ko allurar da ke hana su sinadarin jikin da suke girma da shi, wanda akan sha shekara 5 ko fiye. Akwai kuma sababbin magunguna masu auna ƙwayar ciwon ita kaɗai, da masu tayar da garkuwar jiki a kanta, sai dai suna da tsada.

A ƙasashe masu arziki, inda ake gano sankarar mama da wuri, mata fiye da 90 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara 5, yara masu ciwon daji kuma fiye da 80 cikin 100 suna warkewa. Sharaɗin shi ne a fara da wuri, a kuma kai ƙarshe. Wanda ya ga ƙari ya baje bayan zango biyu ya daina zuwa, ciwon yakan dawo ya fi na da tauri.

Ko ciwon ya yi nisa, kada a ce a koma gida a jira lokaci. Akwai kulawar sauƙaƙa wahala: magungunan kashe zafi irin su mofin bisa umarnin likita, da wankin miki, da gashi domin tsayar da jini ko rage ciwon ƙashi. Babu dalilin barin mara lafiya yana kwana yana nishi.

Maganganun da Ba Su da Tushe

Ana cewa daji ba ya son allura, ko kuma in ƙarfe ya taɓa shi sai ya fantsama. Wannan magana ta samo asali ne daga ganin waɗanda aka kai asibiti a makare, suka rasu bayan tiyata, alhali ciwon ya riga ya yaɗu kafin a taɓa su. Abin da ke ɓata ƙari shi ne sakiya, da tsaga, da ƙaho, da shafa masa magani mai ƙuna, waɗanda ke mai da shi gyambo, su kuma cinye watannin da ya kamata a yi magani a cikinsu. Ana kuma cewa jifa ne ko sammu, alhali ƙwayoyin ciwon ana ganinsu ƙuru-ƙuru a madubin likita. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko kwana ɗaki ɗaya, saboda haka babu hujjar ƙyamar mai shi. Mai shan wani magani na gargajiya ya gaya wa likitansa, domin wasu sukan lahanta hanta da ƙoda, ko su ɓata aikin kemo. Duk wanda ya yi tallar magani guda mai warkar da kowane irin daji, kuɗin jama'a yake nema.

Inda Za a Nufa

Matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, daga nan a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti ko na koyarwa. An kafa sassan gashi a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da asibitocin koyarwa na Legas, da Ibadan, da Zariya, da Sakkwato, da Gombe, da Inugu, da Binin, a 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiya a Katsina. Ya kyautu a bincika ta hannun likita kafin a kama doguwar hanya, a kuma riƙe dukan takardun gwaji wuri ɗaya.

Maganin ciwon daji yana cin kuɗi ƙwarai. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta furostet a wasu asibitocinta; sai a tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa, shiga tun ana lafiya kuwa shi ne dabara.

Kammalawa

Nauyin wannan al'amari yana kan kowa. Maigida ya ba iyalinsa izni da kuɗin mota ta je gwaji, in kuma likita ya ce sai an cire mama, ya tsaya tare da ita, domin tsoron saki ko kishiya ya sa mata da yawa sun ƙi tiyata har suka rasa ransu. Iyaye su kai 'yan matansu rigakafin HPV, su kai jarirai na ciwon hanta a ranar haihuwa. Ungozomomi, da wanzamai, da masu kemis, su tura duk mai ƙullutu ko zubar jini asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Sarakuna, da malamai, da shugabannin majami'u, da ƙungiyoyin mata, su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa na kusa da shi, wanda kuma ya ga ɗaya daga cikin alamun nan a jikinsa ya nufi asibiti cikin makon nan.